FILIN KWALLIYA DA LAFIYA: Ƙurajen Fuska Hawa-Hawa Ne, Maganinsu Ma Haka

  Masu shirin jarrabawa Allah Ya ba da sa'a, masu shirin shiga daga ciki kuma Allah Ya sanya alheri, Ya kaɗe fitina, amin.

Wasiƙunku na wannan watan da yawansu kuka ɗaya suke yi, wato ƙurajen fuska, waɗanda 'yan boko ke ce wa fimful. Wata 'yar aji uku daga Gusau ta ce 'yan ajinsu sun sa mata suna "mai fuskar gurasa", har ta fara ƙin zuwa makaranta. Wata daga Maraɗi ta ce bikinta saura wata biyu, ga fuska ta ƙi daɗi, ƙawarta ta kawo mata wani haɗin mai a kwalba marar suna, ta shafa ko kada ta shafa? Wata kuma daga Kaduna cewa ta yi, "Anti, na daina cin gyaɗa, na daina cin ƙwai, ina wanke fuskata sau bakwai a rana, amma kamar ƙara musu taki nake." To duk ku matso kusa, yau sai mun warware zare da abawa.

DAGA INA SUKE FITOWA?

Da farko ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Likitocin fata sun ce cikin matasa 100 masu shekara 12 zuwa 24, kusan 85 sai sun yi ƙurajen nan, ko kaɗan ko da yawa. Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba ne, kuma ba a ɗaukarsu a jikin wani.

Ga yadda abin yake. A fatar fuska da ƙirji da gadon baya akwai 'yan ƙananan ƙofofi da gashi ke fitowa ta cikinsu, kowace ƙofa kuma da 'yar jakar maiƙo a gindinta. Idan yarinya ta fara balaga, sinadaran jikinta sukan sa jakunkunan nan su riƙa zubo maiƙo fiye da da. Sai maiƙon ya haɗu da matacciyar fata su toshe ƙofar. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar kowa, ba ruwanta da kowa, amma da zarar ƙofa ta toshe sai ta samu gidan zama da abinci, ta hayayyafa, wurin ya kumbura ya yi ja, wani lokaci ya tara mugunya. Shi ke nan ƙurji ya fito.

Shi ya sa za ki ga suna ƙaruwa idan al'ada ta kusa zuwa, ko lokacin jarrabawa da hankali ke tashe. Akwai gado ma a ciki. Idan Mama ko Baba sun sha fama da su a ƙuruciya, kada ki yi mamaki don kin gan su a fuskarki. Yawanci suna lafawa bayan an haura shekara 20, amma akwai matan da suke bi har shekara 30 ko 40.

ƊAUKI MADUBI KI GA A WANE HAWA KIKE

Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka duk ƙuraje ɗaya ne, sai ki ga mai ƙwaya biyar a goshi tana haɗiyar kafso, mai manyan ƙullutai kuma tana fama da lemon tsami. Ki wanke fuskarki, ki fita tsakar gida inda akwai haske, ki duba da kyau.

Hawa na farko, mai sauƙi. Fuskar tana da 'yan ƙananan tsirarrun abubuwa kamar gero, wasu masu farin kai, wasu masu baƙin kai, musamman a goshi da hanci da haɓa. Jajaye masu zafi ba su da yawa, ɗaya nan ɗaya can. Baƙin kan nan kuwa ba dauɗa ba ce, maiƙon ne ya yi duhu da iska ta taɓa shi, don haka dirza ba ta fitar da shi.

Hawa na biyu, matsakaici. Jajayen ƙuraje da masu ruwa a baki sun yi yawa, sun bazu a kumatu da goshi, wataƙila har ƙirji da baya. Wannan na warkewa wancan na fitowa, kowanne kuma ya tafi sai ya bar baƙin tabo.

Hawa na uku, mai tsanani. A nan akwai manyan ƙullutai a can cikin fata, masu tauri da zogi kamar maruru, sukan yi makonni ba su faɗa ba, wasu su haɗe da juna. Idan sun warke sai su bar rami a fuska, ko tudun tabo a muƙamuƙi da ƙirji da kafaɗa.

Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idar magani ta fitar da wani ma'auni a shekarar 2021, kuma kowa za ta iya amfani da shi. Idan jajayen ƙurajenki sun kai 35 ko fiye, ko kuma manyan ƙullutan nan sun kai 3, to kin haura matsakaici kin doshi mai tsanani, maganarki ta likita ce. Kuma ko ƙurajen ba su kai haka ba, muddin suna barin rami, ko sun hana ki shiga mutane, kina kulle kanki a ɗaki kina kuka, to wannan ma tsanani ne, a je asibiti.

Ki lura kuma, ba duk abin da ya fito a fuska ne fimful ba. Ƙurajen zafi na bazara ƙanana ne masu ƙaiƙayi, da an sha iska suke lafawa. Idan naki duk girmansu ɗaya ne kuma suna ƙaiƙayi sosai, a bari ma'aikacin lafiya ya gani, don maganinsu daban ne.

ABIN DA YA HAU KAN KOWA

Ko a wane hawa kike, ga ƙa'idojin da ba a tsallakewa.

Wanke fuska da sabulu sau biyu a rana ya isa, safe da dare, da sabulu marar ƙarfi da tafin hannunki. Ban da soso, ban da dirza. Ruwan alwala ba ya cutar da ke, amma ba kowace alwala ce za ki ɗauko sabulu ba. Ƙanwata ta Kaduna, wankin nan sau bakwai shi ke busar miki da fata yana ƙara tunzura ta.

Ki cire hannunki daga fuskarki. Na san daɗin matsa, kina gaban madubi hannu na ƙaiƙayi. Amma duk ƙurjin da kika matse, wani sashe na abin da ke cikinsa ciki yake komawa, kumburi ya ƙaru, tabo ya zauna. Mu masu duhun fata tabonmu ya fi na Turawa daɗewa, ƙurjin kwana biyar sai ya bar miki baƙin wata shida. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Ki kula da man kitso. Basilin da man gashi masu kauri idan suka gangaro goshi suna toshe ƙofofin fata, shi ya sa za ki ga ƙuraje sun yi layi a bakin gashi. Haka man kwakwa da sauran mayuka masu nauyi, a bar su a ƙafa da hannu. In hunturu ya busar miki da fuska, nemi mai marar maiƙo ki shafa kaɗan.

Kada ki kwanta da hoda ko fandeshan a fuska, komai gajiyar biki. Kada ki yi aron soson hoda. Ɗankwali da hijabi da rigar filo a riƙa wanke su a kai a kai, hijabin da ya matse goshi da haɓa kuma a sassauta shi, don gumi da guga suna tayar da ƙuraje.

Maganar abinci kuwa, an daɗe ana ɗora wa gyaɗa da ƙwai laifi, amma bincike bai kama su da hujja ba. Inda masana suka fi nuna yatsa shi ne yawan zaƙi, irin su lemon kwalba da alawa da biskit da farin burodi, sai kuma madarar shanu ga wasu mutane. Ki rage zaƙi, ki ci ganye da wake da kayan marmari. Amma kada ki zauna da yunwa saboda fimful, abinci shi kaɗai ba ya warkar da su.

MAGANIN HAWA NA FARKO

A nan maganin shafawa ya wadatar, kuma ana samunsa a manyan kemis. Na farko shi ne benzoyil feroksaid, yana kashe ƙwayar cutar nan yana kuma buɗe ƙofofin da suka toshe. Ana yin sa da ƙarfin kashi 2.5, da 5, da 10. Ki fara da ƙarami, don aikinsu kusan ɗaya ne, babban ya fi ƙona fata ne kawai. Gargaɗi: yana cin launin tufafi kamar bilic. Ki wanke hannu bayan kin shafa, ki sa farar rigar filo, kada ki je ki ɓata mayafin Mama ki ce Anti ce ta sa ki.

Na biyu shi ne adafalin mai kashi 0.1, wanda aka fi sani da sunan Differin. Shi gwani ne wajen masu farin kai da baƙin kai, yana kuma hana sababbi fitowa. Da dare ake shafa shi, bayan fuska ta bushe. Ki matso kamar ƙwayar wake ɗaya, ki shafe duk inda ƙurajen ke fitowa, ki kauce wa ido da leɓe da gefen hanci. Makon farko da na biyu ki riƙa tsallake dare ɗaya. Fuska za ta ɗan bushe ta yi saɓa, wani lokaci ma ƙurajen su ɗan ƙaru kafin su lafa, duk cikin aikin ne. Mai juna biyu ko mai neman haihuwa ba ta shafa adafalin.

Akwai kuma azelayik asid, mai kashi 15 ko 20. Yana rage ƙuraje yana kuma disashe baƙin tabo, kuma yana cikin waɗanda likitoci ke ba mai juna biyu.

Yanzu ga inda ake faɗuwa jarrabawa: haƙuri. Babu maganin ƙuraje na gaskiya da ke aiki a kwana uku. Sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a fara ganin canji, sai mako 12 kafin a yanke masa hukunci. Yau ki shafa wannan, jibi ƙawa ta kawo wancan, gata ki ga wani a TikTok, haka za ki ƙare kuɗinki fuska na nan jiya i yau. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kuma fuska ta yi kyau kada ki watsar gaba ɗaya, ci gaba da shafawa shi ke hana su dawowa.

MAGANIN HAWA NA BIYU

Wannan sai an haɗa da likita. Yakan haɗa miki magungunan shafawa biyu, misali adafalin da benzoyil feroksaid, ko kuma benzoyil feroksaid da kilindamaisin. In abin ya bazu har baya da ƙirji, sai ya ƙara da na sha, irin su doksisaikilin, yawanci na wata uku.

Don Allah ku ji ni da kyau a nan. Kafso ba gyaɗa ba ne da za ki tsaya wajen mai tallan magani a tire ki ce ya ba ki na naira kaza. Shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, yau a sha gobe a bari, shi ke sa ƙwayoyin su saba da shi, ranar da ciwo na gaske ya zo sai magani ya ƙi ci. Shi doksisaikilin ba a ba mai juna biyu, ko mai shayarwa, ko ƙananan yara. Ana shan sa da ruwa cike da kofi, a zaune ko a tsaye, ba a kwanciya nan take, in ba haka ba ya ƙona maƙoshi. Yana kuma sa rana ta fi cin fata.

Wata magana kuma da kunya ke hana a faɗa. Idan ƙurajenki sun fi yawa a haɓa da muƙamuƙi, ga al'adarki tana tsallake watanni, ga gashi yana fito miki a haɓa ko saman leɓe, ga ƙiba tana ƙaruwa, to wataƙila sinadaran jikinki ne suka rikice, abin da ke da alaƙa da ƙwan mace. Ki faɗa wa Mama ko Yaya ta raka ki wajen likitan mata. Abu ne da ake da maganinsa, kuma gara a gano shi tun kina gida.

MAGANIN HAWA NA UKU

Mai manyan ƙullutai, ke kam kada ki ɓata lokaci a kemis. Duk watan da kika ƙara a gida, ramin da zai zauna miki har tsufa ne yake ƙaruwa. Baƙin tabo yana gogewa a hankali, amma rami ba ya cikewa da mai, gyaransa sai aikin ƙwararru mai tsada. Ki nemi likitan fata. Ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Ki fara da asibitin da ke kusa da ku su ba ki takardar turawa.

Akwai magani mai ƙarfi da ake kira aisotiretinoyin, wasu sun san shi da Roaccutane, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a shekarar 1982. Yana tsuke jakunkunan maiƙon nan, ana shan sa kamar wata 4 zuwa 6, kuma mutane da yawa sun rabu da ƙuraje masu tsanani ta dalilinsa. Amma fa wuƙa ce mai baki biyu. Yana busar da leɓe da ido da hanci, ana gwada jini don a duba hanta, ana kuma lura da yanayin zuciyar mai sha, in ta ji baƙin ciki ya rufe ta sai ta gaya wa likita maza. Babban haɗarinsa shi ne ciki. Idan mace ta samu juna biyu tana shan sa, yana iya jawo ɓari ko ya nakasa jariri a ƙwaƙwalwa da zuciya da fuska. Ba a ɗaukar ciki ana shan sa, har sai an yi aƙalla wata ɗaya da dainawa, ba a kuma ba da jini a wannan tsakanin. Saboda haka amare da masu shirin aure, ku faɗa wa likita gaskiyar ranar bikinku. Wadda ta sayo shi ta intanet ko ta karɓi ragowar na ƙawa, wallahi da ran ɗanta take wasa.

In kuwa ƙuraje suka ɓarke miki farat ɗaya, suna fashewa, ga zazzaɓi ga ciwon gaɓoɓi, wannan ba a kwana da shi, asibiti a ranar.

HAƊIN MAI DA MAN BILICIN

Na dawo kanki ƙanwata ta Maraɗi. Amsata ita ce kada ki shafa. Yawancin haɗin nan da ake sayarwa a kwalba marar suna, da 'yan tub ɗin nan da ake matsawa cikin man shafawa, suna ɗauke da sinadarin sitiroid, irin su kilobetasol da betametason. Magunguna ne na wasu cututtukan fata, likita ke ba da su na ɗan lokaci. Makon farko za ki ga fuska ta yi luwai ta yi haske, ki ce kin dace. Bayan nan sai ta juya miki baya: ƙuraje su fito caa fiye da na da, fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta keto, gashi ya tsiro a fuska, ƙyasbi da makero su samu wurin zama. In kin daina fuska ta yi ja tana raɗaɗi, sai ki koma, shi ke nan kin zama baiwar kwalba.

Wasu mayukan kuma akwai haidirokwinon a ciki, wanda in an daɗe ana shafawa yake barin baƙi ƙirin a kumatu mai wuyar fita. Wasu har da zaiba, mai lalata ƙoda. Abin ya kai a shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa, kada ta ji kunya, ta ɗauki kwalbar ta kai wa likita ya tsara mata yadda za ta rabu da shi a hankali.

Haka nan makilin da lemon tsami da tafarnuwa da kanwa, duk ƙona fata suke yi su bar tabo. Dilka da halawa kuma a yi su a jiki, amma a ɗaga wa fuskar da ke da ɗanyun ƙuraje ƙafa. Mai son fuskarta ta yi kyau ranar kamu, tun saura wata uku ko huɗu za ta fara magani na gaskiya. Ke da ya rage miki wata biyu, ki je asibiti a wannan makon, za ki ga sauƙi kafin ranar in sha Allahu, abin da ya saura kuma hoda ta rufe.

Baƙin tabo maganinsa uku ne: a hana sababbin ƙuraje fitowa, a daina matsa, a kare fuska daga rana. Ki riƙa shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko fiye da safe, in babu hali ki riƙe lema. Yakan ɗauki wata 6 har shekara kafin ya goge.

KALMA TA ƘARSHE

Masu cewa "bari ki yi aure za su tafi", ku daina. Aure ba maganin ƙuraje ba ne, ga matan aure nan da 'ya'yansu suna fama. Iyaye mata, in 'yarku ta kawo kuka kada a ce mata iyayi ne ko son kwalliya, a duba fuskar, in ta kai a kai ta asibiti. 'Yan aji masu sa wa mutane suna, ku ji tsoron Allah, wadda kuke yi wa dariya ba ita ta ɗora wa kanta ba.

Ke kuma 'yata ta Gusau, gobe ki ɗauki jakarki ki koma makaranta. Ƙuraje baƙi ne, za su tafi, amma karatun da ya wuce ki da wuya ya dawo. Saurayin da fimful zai kora kuwa, ki raka shi da addu'a, dama can ba mijin rufin asiri ba ne.

A fitowa ta gaba za mu taɓo maganar amosanin kai da karyewar gashin gaban goshi. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, asirinku a rufe yake. Ku gaishe mini da su Mama.

Taku har kullum,
Antinku